Lahadin da Sagir Ya Tsaya a Titin Maiduguri

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka ɗauki Sagir daga ƙofar gidansu a Gyadi-Gyadi muka kai shi makwancinsa. Yana da shekara talatin da biyu a lokacin. Ni da muka tashi tare a layi ɗaya, muka yi firamare ɗaya, yau furfura ta cinye rabin gemuna, shi kuwa a idona yana nan yadda na bar shi: dogo, siriri, mai saurin tafiya kamar ana jiran sa a wani wuri. Yawancin masu karanta wannan shafi ba su san shi ba. Ba a taɓa buga sunansa a jarida ba, har ranar da ya rasu. Don haka bari in fara da faɗin ko wane ne.

Sagir ma'aikacin agajin gaggawa ne. Shi ne mutumin da ke zaune a bayan motar asibiti tare da wanda aka ɗauko, yana tsayar da jini, yana ɗaura ƙarin ruwa, yana lura da numfashi har a isa. A unguwa kowa Dakta yake ce masa, shi kuma ba ya gajiya da gyara wa mutane. Yakan ce, "Ni ba likita ba ne. Aikina in kai ka gaban likita da sauran numfashinka." Yana da mata, Jamila, da 'ya ɗaya, Safiyya, wadda ke da shekara biyar a lokacin. Mahaifiyarsa, da dukanmu muke kira Inna, tana ɗaki ɗaya a gidan. Ni kuwa sunana Tijjani, malamin makarantar sakandare ne, ina koyar da labarin ƙasa, kuma har yau aikin da nake yi ke nan.

Akwai wani abu da ya sa ake yi wa Sagir dariya a layinmu. Wata rana a ɗakin hutun ma'aikata ya ga Turawa a talabijin suna wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, suna gangarowa daga saman dutse da wasu dogayen katakai a ƙafa. Abin ya shiga ransa. Ya zo ya same ni ina duba takardun jarrabawa, ya ce tunda ni ne masanin taswira, in gaya masa ina ne wuri mafi kusa da Kano da ake samun irin wannan ƙanƙarar. Na gaya masa. Sai ya ce to kwalta ma ta isa. Ba a yi sati biyu ba ya dawo daga wajen masu gwanjo da takalmi mai taya, irin wanda samari ke gudu da shi a titi, ƙafa biyu. Ɗaya nasa, ɗaya nawa.

Inna ta dube shi yana ɗaure igiya a tsakar gida ta ce, "Magidanci da kai, da 'yarka, za ka hau titi kana sulalawa kamar wanda ba shi da aikin yi?"

Ya ce, "Inna, kwana shida ina gudu saboda wani na mutuwa. Ki bar ni rana ɗaya in yi gudun da ba kowa a bayana."

Ba ta sake magana a kai ba. Daga nan muka mai da shi al'ada. Duk Lahadi, idan gari ya waye sosai kafin motoci su yi yawa, sai mu fito daga Gyadi-Gyadi, mu zagaya shataletalen Dangi, mu miƙe titin Maiduguri har Tarauni, mu sha shayi, mu juyo. Ni ban taɓa ƙwarewa ba, gwiwoyina har yanzu da tabo. Shi kuwa cikin wata uku ya koyi juyi da birki da tafiya da baya. Wannan awa ɗayar ce kaɗai na san Sagir ba ya duba wayarsa.

Lahadin da nake son ba da labari cikin damina ce. An yi ruwa da asuba, titi a jiƙe. Sagir ya sauko daga aikin kwana uku a jere, Jamila ta ce ya kwanta ya huta, ya ce awa ɗaya ce kawai. Mun wuce Dangi, mun kusa kwanar Unguwar Gano, sai muka ji ƙara a gabanmu. Wata bas ce ta taho daga ƙauye cike da mutane da buhunan kayan miya, tayarta ta gaba ta fashe, ta kwaso wani adaidaita sahu ta haɗa shi da bakin kwalbati, sannan ita ma ta kwanta a gefenta. Tumatir ya watsu a titi. Na ɗan lokaci ba ka jin komai sai tayar bas ɗin da ke juyawa a sama, sannan kuka da salati suka tashi.

Ni tsayawa na yi cak. Kafin in dawo hayyacina Sagir ya riga ya zauna a bakin titi ya cire takalman tayar, ya nufi wurin da safa kawai a ƙafarsa, a kan fasasshen gilashi. Ba shi da jakar aikinsa, ba safar hannu, ba bandeji. Ya ce wa mai shayin da ke wurin ya ba shi ledar burodi, ya zura hannuwansa a ciki.

A cikin adaidaitan akwai wata mata da 'ya'yanta mata biyu, sun yi kwalliya za su coci. Daga baya muka san sunanta Madam Ngozi, tana da shagon kayan ɗinki a kasuwar Tarauni. Yaran ƙujewa kawai suka yi, amma ita ƙarfe ya yanke ta a cinya, jini na fita da ƙarfi yana tsartuwa. Sagir ya cire rigarsa ya yage ta, ya ɗaure saman ciwon, ya karɓi babban cokalin mai shayi ya zura a ƙullin ya yi ta murɗawa har jinin ya tsaya. Matar tana ihu, yana ce mata, "Yi haƙuri, Madam, na san da zafi. Zafin nan ne zai bar ki da rai." Ya karɓi birona ya rubuta lokacin a bayan hannunta.

Direban adaidaitan, wani saurayi mai suna Haladu, yana kwance a bakin kwalbati, idonsa biyu amma ba ya motsi. Mutane sun fara taruwa, wasu huɗu sun kama hannuwansa da ƙafafunsa za su ɗaga. Wannan ne karo ɗaya a rayuwata da na ji Sagir ya daka wa manya tsawa. Ya ce su ajiye shi, kowa ya matsa. Sannan ya kira ni.

"Tijjani, zo ka durƙusa nan. Riƙe kansa da hannu biyu, haka. Kada ka bari ya juya ko dama ko hagu. Ko ni ne na ce ka saki, ka tambaye ni sau biyu."

Na ce masa hannuna rawa yake yi.

Ya ce, "Ya yi ta rawa, amma kada ka saki."

Haka na durƙusa a cikin ruwan sama da man inji, da kan mutumin da ban sani ba a tafin hannuna. Daga inda nake ina ganin Sagir ya hau gefen bas ɗin yana fiddo mutane ta taga. A nan ledar ta yage, gilashi ya tsaga masa tafin hannun dama. Na ga ya duba, ya naɗe da sauran ƙyallen rigar, ya ci gaba. Bayan wannan ya taɓa mutane da yawa, kowanne jina-jina. Akwai wani dattijo da aka fito da shi aka shimfiɗe. Sagir ya sa yatsa a wuyansa, ya duba idonsa, ya tashi zai wuce. Ɗan dattijon ya cafke masa hannu yana cewa, "Babana ne fa, ka duba shi, babana ne." Sagir ya ce, "Na duba shi. Allah ya jiƙansa. Sake ni, ɗan'uwa, akwai masu rai." Mutumin ya zage shi. Sagir bai waiwaya ba.

Ya kira wurin aikinsa sau uku. Mota ɗaya tana gareji, ɗayar ba mai, direban kuma ya tafi nema. Da ya ga ba mai zuwa, sai ya tare wata a-kori-kura, ya sa aka sauke kayan da ke bayanta, ya ari bencin mai shayi. Mu shida muka mirgina Haladu a kan bencin a hankali, ni ina riƙe da kai, Sagir yana ƙirga mana. Aka ɗaure shi da rawanin wani bawan Allah. Haka muka tafi asibiti, Madam Ngozi a gefe, Sagir yana riƙe da cokalin nan yana yi mata hira don kada ta suma. Sai da likita ya sa wa Haladu abin tallafe wuya sannan na saki. Yatsuna sun ƙi miƙewa har wani lokaci.

Da muka koma wurin wajen azahar, an share titi, an janye bas ɗin. Takalman tayata suna wurin mai shayi, inda na bar su. Na Sagir kuwa, da ya bari a bakin titi, wani ya ɗauke. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Allah ya sa ɓarawon ya iya birki. Da silifas ɗin mai shayi ya koma gida.

Likitan ya ce da an ɗaga Haladu yadda aka so ɗaga shi, da bai sake takawa ba. Wannan maganar ce ta hana Sagir zama. Ya ce masu adaidaita su ne farkon isa wurin kowane haɗari a garin nan, kuma su ne ke ƙarasa mutane da kyakkyawar niyya. Ya je tasharsu da ke Tarauni ya roƙi shugabansu, aka ba shi safiyar Lahadi. Ranar farko an cika rumfar, ni ne nake kwanciya a tabarma a matsayin wanda ya ji ciwo, ana ta dariya. Lahadi ta biyu rabinsu suka zo. Ta huɗu mutum uku muka tarar, ɗaya ma barci yake yi a cikin kekensa. Ban ga laifinsu ba, mai adaidaita idan ya tsaya awa ɗaya gidansa ne zai ji a tukunya. Ɗaya daga cikinsu ya ce wa Sagir, "Dakta, in na tsaya na ɗauki mutum ya mutu a hannuna, wa zai tsaya mini?" A hanyar gida Sagir ya ce mini zai nemo amsar ya koma.

Bai koma ba. Wata huɗu bayan haɗarin ya fara cewa jikinsa ba ƙarfi, abinci ba ya masa daɗi. Muka ce zazzaɓi ne. Wata safiya Jamila ta dube shi a hasken tsakar gida ta ga idonsa ya yi rawaya. Inna ta ce shawara ce, ta aika a nemo saiwa. Shi ya san ko mene ne tun kafin a kawo sakamakon gwaji. Ciwon hanta ne, irin wanda ake ɗauka ta jini, kuma ya zo masa da tsananin da ba kasafai yake zuwa da shi ba. Sai a lokacin ya gaya mini cewa allurar rigakafin ciwon guda uku ce, shi ɗaya aka yi masa, da ya koma karɓar ta biyu aka ce ta ƙare, ya yi ta komawa har ya daina. Washegarin haɗarin ma ya je ya nuna hannunsa, ya nemi maganin da ake ba wanda jinin wani ya taɓa masa ciwo. Babu. Ya wanke da sabulu ya koma bakin aiki.

Na tambayi likitan da ke duba shi ko daga ranar nan ce. Ya ce ba wanda zai iya rantsewa, mai irin aikinsa kullum cikin jinin mutane yake, amma lissafin watannin ya yi daidai. Na shiga na zauna kusa da gadon. Sagir ya rame, cikinsa ya kumbura, tabon nan yana tafin hannunsa fari fat. Na kasa riƙe abin da ke raina, na ce da mun bi ta titin gidan zu, wato gidan namun daji, ranar, da duk wannan bai faru ba.

Ya ce, "Da mun bi ta can, da matar nan ta mutu kafin a gama salati."

Na ce, "Kai fa?"

Ya dubi tabon hannunsa. Sannan ya ce, "Ni ma ba na son mutuwa, Tijjani. Kada ka je kana gaya wa mutane wai ban ji tsoro ba."

Na cika masa wannan, ga shi na faɗa. Kwana uku bayan haka ya daina gane mutane, yana ta kiran direban motarsu yana cewa a taka. Ranar Talata da hantsi ya cika.

A kwana na uku na zaman makoki Madam Ngozi ta zo, tana dogara sanda, ta rufe kanta da gyale. A Kano aka haife ta, Hausarta ba ta da maraba da tamu. Ta durƙusa gaban Inna duk da ciwon ƙafar ta ce, "Mama, ɗanki ne ya sa 'ya'yana ba su zama marayu ba. Ban san abin da zan ce miki ba." Inna ta dube ta. Sannan ta ce, "Tashi, 'yar nan, ƙafarki. Ba ke kika kashe shi ba. Kwanansa ne ya ƙare. Ki je ki riƙe 'ya'yanki da kyau." Bayan matar ta fita Inna ta juya ta fuskanci bango. Ta yi shekara huɗu a bayansa. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, amma ban kuma sake jin dariyarta ba. Madam Ngozi ta riƙa zuwa gaishe ta duk sallah da ɗan abin hannunta, har lokacin da kasuwa ta yi musu nauyi suka tattara suka koma kudu. Daga nan labarinta ya yanke mini.

Sau da yawa nakan tambayi kaina abin da Sagir zai ce da zai leƙo Kano ta yau. Shataletalen da muke zagayawa ya zama gada, sama da ƙasa, ba mai takalmin tayar da zai bi wurin yana cikin hankalinsa. Titunan sun yi faɗi, motoci sun ƙara gudu, adaidaita sun ninka. Zai ji daɗin ganin sababbin motocin asibiti masu walƙiya da ake nunawa a talabijin. Na san kuma tambayar da zai yi ita ce, akwai mai a ciki, kuma waye a bayan? Yawancin waɗanda ya yi aiki da su sun bar aikin. Biyu suna ƙasar waje, ɗaya ya buɗe shagon sayar da waya, ɗaya ya gaya mini shi ma allura ɗaya aka yi masa, kuma tun rasuwar Sagir bai sake taɓa mai jini ba sai ya ga safar hannu da idonsa.

Abin da na tabbata zai fi ƙona masa rai shi ne wayar hannu. A ranar tamu mutane sun yi kuskure, sun so ɗaga wanda bai kamata a ɗaga ba, amma hannu suka miƙa. Yanzu idan aka yi haɗari, abin da za ka fara gani shi ne da'irar mutane kowa ya ɗaga waya. Kafin wanda ya faɗi ya isa asibiti, hotonsa ya isa wayar mahaifiyarsa. Na taɓa ganin wani yana matsawa da ƙafa don ya samu fuskar da kyau. Ina tambayar ɗalibaina a aji wa ya san yadda ake tsayar da jini, sai su kalle ni, su ce ba ya cikin manhaja. Na yi ƙoƙarin ci gaba da zuwa rumfar masu adaidaita bayan rasuwarsa, sau biyu. Sun karɓe ni da mutunci, sun yi masa addu'a, sannan wani ya tambaye ni a hankali, "Malam, ba wannan aikin ne ya yi ajalinsa ba?" Labarin da ya rage a tashar ke nan. Mutumin da ya je koya musu tsayawa ya zama misalin da suke ba juna na dalilin da ya sa ba a tsayawa.

Haladu ya warke, yana tafiya da ƙafarsa. Shekara uku da suka wuce na tare adaidaita a Darmanawa sai na ga shi ne, na gane shi da tabon da ke goshinsa, wanda na kalla na kusan awa guda. Ya yi aure, yana da 'ya'ya uku. Na tambaye shi ko ya tuna ranar. Ya ce abin da ya sani kawai shi ne ya farka a asibiti, an ce masa wani likita ne da ke wucewa ya taimake shi. Bai san sunansa ba, bai san ya rasu ba. Na gaya masa. Ya tsayar da keken a gefen titi ya yi salati, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, idonsa ya kawo ruwa. Sai wata mata ta ɗaga masa hannu daga tsallake, ya share fuska ya ce in yi haƙuri, fasinja ce. Ban ji haushinsa ba.

Ba zan iya jin haushin kowa ba, saboda abin da zan faɗa yanzu. Bara, ina dawowa daga makaranta a cikin adaidaita, muka tarar da haɗari a gangaren gadar. Mai babur ne kwance, jini na fita daga hannunsa irin fitar da na sani. Da'irar masu waya ta riga ta kafu. Na san inda ake ɗaurewa, na san yadda ake murɗawa, akwai hankici a aljihuna da biro. Direban ya rage gudu ya ce, "Malam, mu tsaya ne?" Na dubi hannuwana. Na tuna idon Sagir a gadon asibiti, na tuna 'ya'yana huɗu. Na ce masa mu je. Ban san abin da ya faru da mutumin ba, ban kuma bincika ba, don ina tsoron abin da zan ji. Ko matata ban gaya wa ba. A wannan shafin za ta karanta.

Jamila ta sake aure bayan shekara uku, mutumin kirki ta samu, ya riƙe Safiyya kamar 'yarsa. Watan jiya ta kira ni. Safiyya tana shekarar ƙarshe a sakandare, ta ce ita aikin jinya za ta karanta, kuma sashen gaggawa take so. Jamila ta ce, "Malam Tijjani, na ba da miji, ba zan ba da 'ya ba. Kai take jin maganarka. Ka zo ka hana ta." Na ce to.

Na je ranar Asabar da la'asar. Yarinyar ta shimfiɗa mini darduma a soro, ta kawo ruwa, ta zauna daga gefe. Tsawonsa ta ɗauko, da yadda yake kallon mutum kai tsaye. Na yi ta zagaye. Na yi maganar wahalar aikin, da rashin kayan aiki, da yadda koyarwa ko harhaɗa magunguna suka fi kwanciyar hankali ga mace. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Baba Tijjani, kai kana wurin ranar. Abbana kuskure ya yi da ya tsaya?"

Na ce a'a, bai yi kuskure ba.

"To in da kai ne, za ka tsaya?"

Da na ga dama da na yi mata ƙarya, ba ta da yadda za ta sani. Na gaya mata labarin mai babur ɗin. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta. Da ta ɗago sai ta tambaye ni ko in ƙara ruwa. Na ce na gode. Na fito ban hana ta ba, ban kuma ƙarfafa mata gwiwa ba, na bar uwa da 'ya da rigimarsu yadda na same su. Har yau ban san wanda zai rinjaya ba, kuma in aka tambaye ni wanda nake so ya rinjaya, ba zan iya faɗa ba.

Idan na zauna ina auna abin da ya saura na Sagir, ba shi da yawa. Akwai mace ɗaya a wani gari a kudu da ta ga auren 'ya'yanta, in Allah ya sa tana raye. Akwai mai adaidaita a Darmanawa da ke takawa da ƙafarsa. Akwai yarinyar da ke son bin hanyarsa, da uwar da ke da cikakken dalilin tare ta. Ba a sa wa ko lungu sunansa ba, ba a canza komai ba saboda mutuwarsa, kuma abokinsa na kusa, wanda ya koya wa da hannunsa, ya ga irin ranar ya wuce. A irin wannan rubutu an saba cewa mamaci ya bar darasi. Na duba ko'ina, har cikin kaina, ban ga wanda ya ɗauka ba, in ba yarinyar nan mai shekara goma sha shida ba, ita kuma ni aka aika in ƙwace shi daga hannunta.

Allah ya jiƙan Sagir, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da Inna a gidan rahama. Mai babur ɗin nan kuma, in yana raye, ko wani nasa yana karanta wannan, ni ne mutumin da ke bayan adaidaitan da ya rage gudu sannan ya wuce. Ina neman gafara.